Babi Na Shida: Likita Mai Ido Ɗaya Da Taswirorinsa Biyu

A shekarar 1957, a asibitin Mulago da ke Kamfala, ƙasar Yuganda, wani likitan ciki mai suna Hugh Trowell ya kira abokin aikinsa, likitan tiyata Denis Burkitt, ya zo ya duba masa wani yaro ɗan shekara biyar. Fuskar yaron ta kumbura ta ko'ina, muƙamuƙin sama da na ƙasa, dama da hagu, haƙora duk sun yi girgiɗi. Wuƙar tiyata ba ta da abin yi a nan, domin babu inda za a yanke a bar wani wuri. Burkitt ya ɗauki hoton yaron, ya rubuta abin da ya gani, ya ɗauka wata baƙuwar cuta ce da ba zai sake gani ba. Ba a yi nisa ba ya je zagaye a asibitin Jinja, sai ga wani yaron da irin wannan fuska, shi har da ƙulli a ciki. Da ya dawo Kamfala sai ya shiga ɗakin ajiyar takardu ya dinga zaƙulo tsofaffin katunan yara. A 1958 ya buga bayanin yara 38 a wata mujallar likitocin tiyata ta Ingila. Kusan babu wanda ya kula.

Mutumin da ya yi wannan aiki ba masanin ɗakin gwaje-gwaje ba ne, kuma bai taɓa da'awar haka ba. An haife shi a 1911 a garin Enniskillen na Ailan ta Arewa. Yana ɗan shekara 11 aka jefe shi da dutse a makaranta ya rasa idon dama. Ya fara karatun injiniya a Dablin, ya sauya zuwa likitanci, ya kammala a 1935. Da ya nemi aiki a Afirka ta Yamma, ofishin mulkin mallaka ya ƙi ɗaukarsa, wai mai ido ɗaya ba zai iya tiyata ba. Sai da Yaƙin Duniya na Biyu ya kai shi Kenya da Somaliya a rigar soja, ya yi aikin da aka ce ba zai iya ba, sannan aka tura shi Yuganda a 1946.

Abin da ya bambanta shi da sauran likitocin da suka sha ganin irin waɗannan yara shi ne tambayar da ya riƙe. Kowa na tambayar mene ne wannan ciwo. Shi kuwa ya ce: a ina ake ganinsa, a ina kuma ba a gani? Masana nama da jini na Kamfala, Gregory O'Conor da Jack Davies, sun tabbatar masa cewa ƙullin muƙamuƙi da na ciki da na ido duk abu ɗaya ne, dajin ƙwayoyin garkuwar jiki. Ya samu tallafin fam 25, ya buga takardu wajen dubu masu hotunan yaran, ya aika wa asibitocin gwamnati da na mishan a faɗin Afirka, yana tambaya ko sun taɓa gani. Amsoshin da suka dawo ya riƙa kafa su da allura a jikin taswira. A ƙarshen 1961 shi da likitoci biyu, Ted Williams da Cliff Nelson, suka hau wata tsohuwar mota ƙirar Ford, suka yi mako 10 a hanya, tafiyar kilomita wajen 16,000, suka leƙa asibitoci fiye da 50 daga Yuganda har Afirka ta Kudu. Kayan aikinsu kundin hotuna ne da littafin rubutu.

Taswirar da ta fito ta ba kowa mamaki. Ciwon ya yi ɗamara a tsakiyar nahiyar, amma ba ya hawa tsauni. Kusa da tsakiyar duniya yana tsayawa a tudun da ya kai mita 1,500. In aka gangara kudu sai iyakar ta yi ƙasa. Alexander Haddow, masanin ƙwari a Entebbe, shi ya gano cewa ba tudun ba ne, sanyi ne: duk inda sanyi ke sauka ƙasa da digiri 15, ciwon ba ya zama. Da Burkitt ya zo Afirka ta Yamma a 1962 sai ya samu ma'auni na biyu, wato ruwan sama. A kudancin Nijeriya yaran sun yi yawa a asibitoci, a arewa mai dogon rani kuwa, har da Kano, likitoci suka ce jefi-jefi suke gani. Zafi da damshi, wannan ai gidan sauro ne.

A nan ya kamata mai karatu ɗan Rano ko Kibiya ya ɗan dakata. Taswirar Burkitt ta ƙirga yaran da suka isa asibiti ne, ba yaran da suka kamu ba. A farkon shekarun 1960, uba nawa ne daga ƙauyukan Kibiya zai ɗora ɗansa mai kumburin fuska a kan jaki ya nufi asibitin birni? Za a ce hangum ne, ko ciwon haƙori, ko sammu, a yi shafe-shafe da turare, kafin wata biyu yaro ya koma ga Mahaliccinsa, babu takardar da ta san da shi. Da aka buɗe asibitin koyarwa a Zariya, daga baya kuma na Malam Aminu Kano a 1988, sai rahotannin likitocinsu suka riƙa sa wannan ciwo a sahun gaba cikin dajin da ke kama yara. Ƙasar ma ta sauya. An gina madatsar Tiga a farkon shekarun 1970, zamanin Audu Baƙo, ruwa ya bi magudanai ta Ruwan Kanya zuwa gonakin Bunkure da Kura da Garun Malam. Alherin wannan ruwa ba ya ƙirguwa, amma inda a da sauro ke ɗaukewa da shigowar ɗari, yanzu akwai unguwannin da yake kwana yana tashi har bazara.

Sauro dai shi kaɗai bai isa ya bayyana lamarin ba. A watan Maris na 1961 Burkitt ya gabatar da jawabi a asibitin Middlesex na Landan, cikin masu sauraro akwai wani matashin masani, Anthony Epstein, wanda ya daɗe yana zargin cewa ƙwayar bairos na iya haddasa daji a jikin mutum. Suka yi yarjejeniya, Burkitt ya riƙa aiko masa da yankin nama ta jirgin sama. Kusan shekara uku ba a ga komai ba. Rannan, a ƙarshen 1963, hazo ya sa aka karkatar da jirgi zuwa Mancesta, saƙon ya makara, ruwan da naman ke ciki ya gurɓace. Kowa zai ce ya lalace a zubar. Epstein ya ɗiga shi a madubin likita, sai ya ga ƙwayoyin dajin ne suka saki jiki suna yawo da ransu. Daga nan aka iya rainon su, kuma a 1964 shi da Yvonne Barr da Bert Achong suka ga bairos ɗin da yanzu ake kira Epstein-Barr, na farko da aka danganta da daji a jikin ɗan Adam.

Sai kuma wata matsala ta taso: bairos ɗin yana jikin kusan kowa a duniya, fiye da mutum tara cikin goma na manya, yawanci ba tare da ya yi musu komai ba. To me ya sa yaran wurare masu zafi da damshi? Amsar ita ce zazzaɓin cizon sauro. Yaron da zazzaɓi ke kama shi yana saki shekara da shekaru, ƙwayoyin garkuwarsa ba sa hutawa da hayayyafa, masu tsaron da ke danne bairos kuma sun yi rauni. Cikin wannan hayaniya sai a samu ƙwaya ɗaya da ta yi kuskure wajen kwafar kanta, ta kasa tsayawa. A tsibirin Zanzibar, inda aka yi wa sauro feshi sosai a wancan lokaci, ciwon ya yi ƙaranci duk da zafi da ruwa. Ke nan gidan sauron da uwa ke ɗaura wa yaro, da maganin rigakafin zazzaɓi da ake bi gida-gida ana ba ƙananan yara da damina, suna rufe ƙofar da ba a ma san da ita ba.

Wannan daji yana cikin mafi saurin girma da aka sani, ƙullin na iya ninka kansa cikin kwana ɗaya ko biyu. Saurin nan ne kuma lagonsa, domin magungunan daji sun fi cin ƙwayar da ke gaggawar rabuwa. Burkitt ba shi da injin gashin daji a Yuganda, don haka ya roƙi kamfanonin magani su ba shi kyauta ya gwada. Yaran da fuskarsu ta juye suka riƙa dawowa kamanninsu cikin makonni, wasu da allura ɗaya ko biyu. A Ibadan, likitan tiyata Victor Anomah Ngu, ɗan Kamaru, yana irin wannan aiki a asibitin koyarwa, kuma a 1972 yana cikin waɗanda aka ba lambar yabo ta Lasker a Amurka tare da Burkitt. Ya kamata a riƙa ambaton wannan, don kada a ɗauka Turawa ne kaɗai suka yi aikin, mu namu kawo marasa lafiya.

Wani zai ce ai nan ya isa mutum ya huta. Burkitt ya koma Landan a 1966 yana da shekara 55, sai ya buɗe sabon shafi, kuma wannan shafi na biyu ya fi shafar tukunyar kowane gida.

Richard Doll, wanda ya tabbatar da alaƙar taba da dajin huhu, shi ya haɗa shi da wani tsohon likitan sojan ruwa, Peter Cleave. Cleave ya daɗe yana cewa yawancin cututtukan Turawa daga tataccen abinci suke, sukari da farar fulawa, amma ana kallonsa kamar mai surutu. Burkitt ya saurare shi, sai ya tuna wajen shekara 20 da ya yi yana buɗe cikin mutane a Yuganda. Afendis da ke cika ɗakunan tiyata a Ingila, a ƙauyukan Yuganda sai a daɗe ba a gani ba. Haka tsakuwar matsarmama, haka ƙananan aljihunan da ke fitowa a bangon babban hanjin tsofaffin Turawa, haka dajin babban hanji. Ya koma ga tsohuwar dabararsa: ya aika wa likitocin karkara a Afirka da Asiya takardun tambaya, wata-wata suna turo masa abin da suka gani da wanda ba su gani ba.

Sannan ya yi abin da manyan likitoci ke ƙyama, ya auna bayan gida. Shi da Alec Walker na Afirka ta Kudu da Neil Painter suka riƙa ba mutane wasu 'yan ƙwayoyin roba su haɗiye, a ga tsawon lokacin da za su fito, a kuma ɗora abin da ya fito a sikeli. Sakamakon da suka buga a 1972 ya nuna mutumin ƙauye a Yuganda yana fitar da abin da ya haura giram 400 a rana, abinci na ratsa cikinsa a kwana ɗaya da rabi. Baturen Ingila kuwa giram 100 da 'yan kai, kuma sai abinci ya kwana uku ko fiye. Bambancin, in ji su, yana cikin ɓangaren tsiro da ciki ba ya narkarwa: dusar hatsi, ɓawon wake, jijiyar ganye, abin da likitoci ke kira faiba. A da ana ganinsa tarkace ne marar amfani. Burkitt ya ce shi ne ke riƙe ruwa, ya tausasa bayan gida, ya hanzarta fitar da shi, ta yadda gubar da ke ciki ba za ta daɗe tana gogar bangon hanji ba. Ya zaga duniya da hotunan kashin da ya ɗauka a dazuzzukan Afirka yana nuna wa taron likitoci, ana dariya ana kuma rubutawa. Akwai zanen da ya fi so ya nuna: famfo na zuba, ɗaki ya cika da ruwa, likitoci sun duƙufa da tsumma suna gogewa, babu wanda ya waiwaya ya kashe famfon. Littafinsa na 1979 kan faiba ya sayu ƙwarai, kamfanonin abinci a Turai da Amurka suka shiga mayar da dusar da suka daɗe suna cirewa.

Ya yi gaskiya? Ba duka ba. Ya jingina wa rashin faiba cututtuka da yawa da hujjarsu ba ta tsaya ba. Ya kuma raina abubuwa biyu: mutanen karkara da yawa ba sa kai shekarun da dajin hanji ya fi kamawa, waɗanda suka kai kuma babu na'urar da za ta leƙa hanjinsu. A shekarar 2000, bayan rasuwarsa a 1993, gwaje-gwaje biyu a Amurka suka ƙara wa mutane faiba na 'yan shekaru, ba a ga raguwar tsiron hanji ba, aka fara cewa zancen ya mutu. Amma a 2003 wani bincike da ya bi mutum fiye da rabin miliyan a ƙasashen Turai 10 ya nuna masu cin faiba da yawa sun fi tsira daga dajin babban hanji. A 2015 Stephen O'Keefe ya yi musayar abinci tsakanin baƙaƙen fata 20 na Amurka da mutanen karkara 20 na Afirka ta Kudu. Cikin mako biyu kacal bangon hanjin kowane ɓangare ya fara ɗaukar kamannin na ɗayan. An kuma gano cewa ƙwayoyin halittar da ke zaune a babban hanji suna cin faiba, su fitar da wani sinadari da bangon hanjin ke rayuwa a kansa. Yau Hukumar Lafiya ta Duniya na ba babban mutum shawarar ya ci aƙalla giram 25 a rana. Hukuncina shi ne ya yi zuzutawa a wasu wurare, amma ginshiƙin maganarsa yana nan.

To ina muka tsaya? Kada mu yi saurin yabon kanmu, domin mu ma muna cire dusa. Duk wanda ya tashi a gidan manoma a Rano ya san surfe: a zuba dawa a turmi, a yayyafa ruwa, mata biyu su yi ta lugude har ɓawon ya saki, a sheƙe a faifai, a wanke, ruwan ƙasari da dusa a kai wa awaki. Masara ma a injin surfe ake fara kai ta kafin niƙa, kuma uwargida ba ta yarda da tuwon da bai yi fari ba. Abin da ya cece mu shi ne abin da ke kewaye da tuwon: kuka da kuɓewa da karkashi da lalo, kwaɗon zogale da na rama, dambu, faten wake, gurjiya, ɗanwake, rogo, ga goruba da magarya da kanya da yara ke ci a hanyar gona. Har ɗumame yana da rabonsa, domin tuwon da ya kwana ya huce, wani ɓangare na sitacinsa yakan ƙi narkewa, ya wuce babban hanji ya yi aikin faiba.

Duba kuma abin da ke faruwa yanzu. Mai shayi ya maye gurbin koko da ƙosai a bakin tasha, da farin burodi da sukari cokali huɗu. Taliyar leda ta zama abincin yara. Shinkafar da ake nomawa a Kura da Bunkure sai an goge ta ta yi ƙyalli kafin ta yi kuɗi. Lemon kwalba ya kori kunun zaƙi a wajen biki, babur ya kori tafiyar ƙasa. Wanda ya samu hali yakan nuna samunsa ne da barin abincin da yake kira na talaka. Sauyin da Ingila ta yi cikin shekara ɗari bayan shigowar injinan tace fulawa a ƙarshen ƙarni na 19, mu muna yin sa cikin rayuwar mutum ɗaya.

Abin da ya fi damuna ba abincin ba ne, kalmar basir ce. A wajenmu ita ce rumbun da ake zuba duk ciwon da ya shafi ciki da dubura. Ranar kasuwa ka tsaya kusa da motar mai magani: lasifika a kan rufi, jarkoki jere da jiƙo ja da baƙi, yana lissafo alamomi, jini a bayan gida, tsiro, kumburin ciki, kasala, rama, yana cewa duk basir ne, kwalba ɗaya ta isa. Dattijo ya matso a hankali, ya miƙa kuɗi ba tare da ya ɗaga kai ba, ya sa kwalbar a aljihun babbar riga. Cikin masu sayen nan, mafi yawa basir ɗin ne da gaske. Amma alamomin da ake shelantawa su ne kuma alamomin dajin dubura, harafi da harafi. Likitocin tiyata a asibitocin koyarwa na Nijeriya sun sha rubuta abu biyu game da masu wannan ciwo: suna zuwa da ƙarancin shekaru fiye da na Turai, da yawa 'yan arba'in da wani abu, kuma suna zuwa a makare, bayan hanji ya toshe ko ciwon ya kai hanta. Kunya ce ke cin watannin da magani zai yi aiki a cikinsu. Alhali yawancin dajin da ake gani a nan yana ƙasa-ƙasa ne, inda likita zai iya taɓa shi da yatsa cikin minti ɗaya.

George Edington ya kafa rajistar masu ciwon daji a Ibadan a 1960, daga baya ya yi nazarin dajin arewa a Zariya, kuma yanzu akwai irin wannan rajista a Kano. Sai dai rajista ba ta sanin wanda bai zo ba, matsalar da ta ruɗi taswirar Burkitt tun 1962. Abin da Burkitt ya yi da fam 25 da hotuna, ma'aikacin lafiya a Kibiya ko Rurum zai iya yin irinsa da littafi da waya: ya rubuta duk yaron da ya zo da kumburin muƙamuƙi, duk babban da ya zo da jini a bayan gida, ya tura su gaba, ya bi sawu ya ji abin da aka samu. Hukumomin lafiya na jiha su nemi waɗannan littattafai, su tara su.

Kai kuma mai karatu, riƙe abu biyu. Yaron da fuskarsa ko cikinsa ya kumbura cikin 'yan kwanaki, haƙoransa suka yi girgiɗi ba tare da ya faɗi ba, kada a tsaya cire haƙori ko jiran ya sace. A kai shi babban asibitin Rano a nemi takardar tura shi Kano a makon, domin wannan daji yana jin magani in an zo da wuri. Babban da ya ga jini a bayan gidansa ya wuce mako uku, ko yanayin fitarsa ya sauya, ko yana ramewa ba dalili, ya ajiye kwalbar jiƙo da kunyar tare, ya je likita ya duba shi.